Rigar Iyon Matar Bature

Sau ɗaya tak na taɓa ɗinka rigar iyo, kuma ita ta ci gonar ubana. Ko kuwa ba ita ba ce. Na fi shekara ashirin ina juya maganar, har yau ta ƙi tsayawa wuri ɗaya.

Lokacin ana aikin dam ɗin Bakolori, ni kuwa ina da shago a Talatar Mafara, bayan 'yan yadi. Rumfar kwano ce mai ƙyaure ɗaya, da benci, da keken ɗinki na ƙafa. Aji huɗu na yi a boko aka cire ni, saboda haka ina karanta lamba, in an yi Turanci a hankali ina tsintar kalma ɗaya cikin biyar. Ɗinki kam na iya. Ba yabon kai ba ne. Mutum ya tsaya a ƙofa in dube shi sau ɗaya, in yanka masa taguwa ba tare da na taɓa shi ba.

Gonarmu tana fadama, gefen Dakko. Kakana ya sare ta. Iyakarta ta gabas ɗorawa biyu ce, ta yamma wani tsohon suri, ta arewa layin gamba da Baba ya dasa da hannunsa. Shinkafa muke samu da damina, da rani albasa da dankali. Ba mu taɓa sayen hatsi ba. Sai aka ce za a baje ƙasar duka da katafila, a ja hanyoyin ruwa, daga baya a mayar wa kowa da tasa. To, mun ga yadda aka yi wa na gaba da mu. In katafila ta wuce, ba itace, ba suri, ba gamba, ƙasa ta zama kamar faifai. Wanda safiyo ya sa gonarsa cikin taswira shi ke da bakin magana. Wanda babu, sai ya yi ta rantsuwa, ba mai saurare.

Tamu ba ta shiga ba. Ranar da masu awo suka zo, Baba ya tafi jana'izar wani amininsa a Damaga. Ya dawo ya tarar an wuce. Ya yi ta zirga-zirga daga wannan ofis zuwa wancan, yau a ce mai takardar ya fita, gobe a ce ya dawo jibi. Katafila kuwa kullum ƙara matsowa take, har ana jin kukanta daga gidanmu in iska ta juyo.

Cikin wannan hali taubashina ya faɗo shagona wata ranar Alhamis. Ɗan goggona ne da aka aurar Dosara. Ruwan dam zai ci garinsu, shi kuwa ya samu aikin kuku a gidan wani Bature cikin barikin ma'aikata, ya yi ƙiba, ya sayi agogo. Tun muna yara ba mu gaisawa sai da zagi.

"Kai bawa, tashi ka gai da ubangijinka," in ji shi. "Na kawo ma arziki."

Na ce bawa dai shi ne mai wanke wa kafiri tukunya. Ya yi dariya, ya ture yadin da ke kan benci ya zauna. Ya ce matar maigidansa tana neman tela wanda ya iya bin umurni, shi kuwa ya ce mata ya san wani mummuna amma hannunsa na da kyau. Sannan ya rage murya. Ya ce maigidan nasa babba ne, kullum da taswira shimfiɗe a kan teburinsa. In matar ta ji daɗi, kalma ɗaya za ta faɗa masa, a ɗiga gonar kawu da fensir, magana ta ƙare.

Washegari bayan an sauko daga masallaci muka tafi. Ban taɓa shiga barikin ba. Ciyawa kore shar tsakiyar rani, ana ba ta ruwa da mesa. Can tsakiya wani tafki na siminti, ruwansa shuɗi kamar an jiƙa shuni, wai nan suke iyo ran Lahadi. Mu da aka tare wa gulbi, matanmu na haƙar rairayi suna neman na sha.

Matar ta fito da gajeren wando, na mayar da idona ƙasa. Doguwa ce, gashinta kamar gemun masara. Ba ta da girman kai, wannan ba zan ɗora mata ba. Ta kawo wani tsohon ambulan da ya yi ja don daɗewa, a bayansa zanen wata mace tsaye da 'yar riga wadda ta kama ta daga ƙirji zuwa cinya, da igiya ɗaure a wuya. Ta zaro takardu daga ciki a hankali, kamar mai ɗaukar jinjiri. Sirara ne kamar ɓawon albasa, kowace an yanka ta da siffarta. Taubashina ya fassara. Wai na uwarta ne, da su ta ɗinka wa kanta rigar iyo tana budurwa, a bakin teku can ƙasarsu. Uwar ta rasu bara, ita kuwa ta tsince su cikin akwati. Ta sayo yadi daga gida, shuɗi mai ɗigon fari kamar zabo, amma ba ta iya ɗinki ba.

Daga nan ta miƙo mini tef ɗin awo, ta ɗaga hannuwanta sama. Na ja da baya har na taka ciyawarsu. Mu tela ba ya sa hannu a jikin matar wani. Mace tsohuwar rigarta take aikowa a bi. Da taubashina ya bayyana mata sai ta yi dariya, ta ce ba komai, ta riga ta gwada, jikinta da na uwarta ɗaya ne. A bi takarda kawai. Ta bi gefen takardar da yatsa, ta dube ni, ta kaɗa yatsan. Kada a ƙara, kada a rage. Wannan ban bukaci tafinta ba.

Na zunguri taubashina na ce ya yi maganar gona. Ya yi wani Turanci mai tsawo yana nuna ni, ta gyaɗa kai ta amsa, na tsinci sunan ranar Lahadi a ciki. Ya ce ta ce in riga ta yi kyau, ran Lahadi ta sama za ta gaya wa mijinta.

Takardu bakwai ne. Rubutun da ke jikinsu ba Turancin da aka koya mana ba ne, sai kibiyoyi da ɗige-ɗige da 'yan tsage a gefe. Ban soka musu allura ba don kada su yage, da duwatsu na danne su. Kwana uku ina fama. Sai a rana ta biyu na gane cewa ɗaya rabi ce, sai an ninka yadi biyu a ɗora ta a kan ninkin. Na gane 'yan tsagen nan aure ne, wannan ta nemi 'yar'uwarta a ɗaya takardar. Na gane ɗige-ɗigen wurin tsukewa ne a ƙirji, layuka shida na baya kuwa wurin roba ne. Ban taɓa yadinta ba tukuna. Na sayi akoko na gwada a kansa, daidai da takarda, ko gashi ban ƙara ba.

Da na gama na ɗaga ta na duba. Duk wanda ya yanka takardun nan ya san aiki. Mu rigunanmu shimfiɗe suke sai mutum ya shiga. Wannan kuwa ga mutum a cikinta alhali ba kowa. Na rataye ta a ƙusa can ciki, na rufa mata tsumma, don kunyar masu shigowa.

Ran Talata Baba ya zo kasuwa a kan jakinsa. Ni ne ɗan fari, bai taɓa kiran sunana ba, "kai" ne kawai har ya mutu. Na durƙusa muka gaisa, gida, gajiya, iyali, zafi, har jakin sai da aka tambaya. Na ba shi labarin matar Bature da taswira. Na ga idonsa ya kawo ruwa, ya ce Allah ya yi wa ɗan ƙanwarsa albarka. Sannan ya ce a nuna masa aikin. Na yi kamar ban ji ba. Ya sa sandarsa ya ɗaga tsumman.

Ya daɗe yana kallo.

"Wagga ta wace jinjira ta?"

Na ce gwaji ne, haka takarda ta ce, haka kuma matar ta ce a yi.

"Takarda," in ji shi. "Takarda ta hana ni gonata, yanzu kuma ita za ta koya ma ɗinki?"

Ya ce in yi tunani. Ba matar ce za ta ɗiga gona ba, mijin ne. Miji ya ga an kawo wa matarsa abin da bai kai zanen goyo ba, me zai ce? Na farko zai ce tela ya sace yadi, don kowa ya san halin teloli. Na biyu zai ce an raina shi, an mayar da iyalinsa abin kallo. Ya ce mace in ta ce a matse, ƙuruciya ce, mai hankali shi ke rufa mata asiri ko ba ta roƙa ba. Na ce Baba, su ba haka suke ba, na gan su da idona. Ya ce ko wane iri ne, namiji namiji ne.

"Ka taɓa ganin an kai ma babban mutum riga daidai jikinai? Likkafani ma ana barin rara. Matar wani ta. Ƙara mata."

Na sake buɗe baki, ya tambaye ni gonar wa za a roƙa, tawa ko tasa. Daga nan na ɗauko yadin matar.

Kada in ɗora masa duka. Rabin zuciyata tana tare da shi. Tun ranar da na ga zanen nan nake jin kamar ni za a ce na tuɓe ta. Kuma haka aka koya mana: riga mai yalwa girmamawa ce, matsattsiya rowa ce. Duk maigidan da ya koya mini ɗinki, da ya ga na yanka daidai jiki sai ya buge mini hannu da almakashi.

Ranar Baba bai ci kasuwa ba. Ya zauna a ƙasa kusa da ni, na shimfiɗa yadin shuɗin nan, na jera takardu. Shi ya riƙa ɗora yatsunsa huɗu a gefen kowace takarda, yatsu duk faso, ni kuwa ina jan alli a bayan ƙaraminsu. Dama da hagu, gaba da baya. Da na nuna masa robar baya, ya ja ta ya saki, ya ce wannan ai majayin jaki ne, za ta yanka mata fata. Na sa layi biyu maimakon shida, su ma sakwa-sakwa. Ya ce in ruwa ya jiƙa yadi ana ganin jiki, sai na yi mata shafi da akoko ninki biyu. Da na gama bayan kwana biyu, na ba ta sitaci na goge, kamar yadda ake yi wa babbar riga. Ta tsaya ƙyam. Wallahi ta yi kyau. Ɗinkin ciki ma ba ka ganin zare.

Ran Asabar taubashina ya zo ya karɓa, da ambulan ɗin da takardu bakwai cif. Da yamma ya aiko cewa ta gwada a ɗaki, ta ɗan yamutsa fuska ta ce kamar ta yi yawa, amma da ta ɗaura igiyar wuya rigar ta zauna. Sitaci ne ya riƙe ta, ni ban sani ba, ita ma ba ta sani ba.

Ran Litinin da hantsi ya shigo. Bai ce bawa ba, ya ce, "Ɗan'uwa, sannu da aiki." Tun daga nan na cire ƙafata daga kan keke.

Ya ce yana nan riƙe da faranti lokacin da abin ya faru. Bariki duk an hallara bakin tafki, maza zaune da kwalabe. Ta fito tana gaya wa sauran matan cewa irin ta uwarta ce, suna yabawa. Ta je bakin ruwa ta yi tsalle da kai. Ruwa ya narkar da sitaci, ya cika rarar da muka bari, akoko ninki biyu ya sha ya yi nauyi kamar jiƙaƙƙen buhu, igiyar wuya ta kwance. Da ta taso, riga na ƙugu. Ta kama da hannu ɗaya tana neman tsani da ɗaya, rigar na janta ƙasa. Wani ya fara dariya, saura suka ɗauka. Mijin ya ruga da tawul, har ya faɗa ruwan da takalmansa.

Ya ce a gida ba ta yi kukan tsiraici ba sosai. Shimfiɗa rigar ta yi a tebur, ta ɗauko takardun uwarta ta ɗora, ta ga yadda yadi ya fito ta kowane gefe. Ta ɗora nata yatsun huɗu a wurin, suka cika shi. Ta tambaye shi don me. Ya ce bai sani ba. Mijin ya ce kada ƙafar tela ta sake wuce ƙofar bariki, shi kansa kukun da ƙyar ya tsira da aikinsa.

Na ce a dawo da ita in rage, aikin yini ɗaya ne. Ya ce ta ce kada ta sake ganinta. Na ciro ta akokon daga ƙusa, na ce ga wadda aka yi daidai, ya kai mata ta ga na iya. Har riƙe masa hannu na yi. Ya ce yana da mata da 'ya'ya, garinsu kuma ruwa zai ci, in rufa masa asiri.

Ran Talata Baba ya zo tun kasuwa ba ta cika ba. Bai gama gaisuwa ba ya tambaya. Na dubi yatsunsa a kan sanda. Na ce ta ji daɗi ƙwarai, mijin ma ya yaba, ya ce a ɗan saurara.

"Ka gani?" in ji shi. "Da ka bi takarda."

Ya sayo mini goro ranar. Bai taɓa sayo mini komai ba tun da na yi aure.

Bayan an girbe shinkafa katafila ta iso. Ina wurin. Ɗorawa ta farko ta ɗan yi gardama, ta biyu ko motsi ba ta yi ba sai faɗuwa. Suri kuwa tura ɗaya. Kafin la'asar ba ka sanin an taɓa yin gona a nan. Baba ya shiga fili da sandarsa yana taku yana ƙirgawa, ya tsaya, ya waiwaya, ya koma ya sake farawa daga wani wuri. Ba inda zai fara ƙirgen. Bai damu sosai ba ranar, ya ce ai tana cikin taswirar Bature.

Damina biyu ba a bar kowa ya yi shuka ba. Muka fara sayen hatsi da tiya. Da aka zo rabo aka kira sunaye yini guda, yana tsugune a rana da hularsa ta Juma'a, ba a kira shi ba. Inda muke zaton tamu ce, wani mai mota daga birni ya sa 'yan ƙodago suna dasa tumatir. Abin da ya biyo baya, da mutane suka tare hanya da harbin da aka yi musu, duk ɗan ƙasar nan ya sani, ba shi nake ba da labari ba. Lokacin Baba ya riga ya kwanta.

Na ɗauko shi na dawo da shi Mafara, ɗakin zaure. Ba wani ciwo da za a nuna, mutum ne da ya saba fita da asuba aka ce ba inda za shi. Duk sanda na dawo daga shago sai ya ce, Bature bai aiko ba? In ce ya tafi hutu ƙasarsu. Daga baya na ce an yi masa canji amma ya bar saƙo. Ban san ko ya yarda ba. Ana saura kwana kaɗan ya rasu ya ce mini, "Mu dai mun suturta matatai. In shi bai biya ba, Allah shina biya." Na ce haka ne, Baba.

Turawa suka gama suka tafi, ciyawar bariki ta bushe. Bayan shekaru na tarar da taubashina yana sayar da shayi a tasha, ƙibar ta zube, agogon babu. Muna zaune na tambaye shi, tsakaninsa da Allah, wane aiki maigidan nan nasa yake yi. Ya ce gyaran injin ban ruwa. Na ce taswirar fa? Ya ce ya ga takarda mai zane a tebur, shi ina ya san ta mece ce. Na ce to me ya gaya wa matar ranar nan da na zungure shi? Ya juya cokali cikin kofi, ya ce tambayarta ya yi yaushe take son rigar. Wai Turancinsa na kicin ne, na gona bai iya ba, ya bari ne sai riga ta yi kyau ya nemi mai faɗa.

Na tashi zan tafi, ya riƙe mini riga ya ce in kwantar da raina, ko da na bi takarda ba abin da zai canza. Amma wani lokaci can, da muka yi faɗa a kan wata magana daban, ya ce mini a gaban mutane ni na kashe gonar kawu, matar ta yi alkawari da bakinta, ni da kafirin taurin kaina na ɓata. Ya rasu yanzu. Maƙaryaci ne tun yana yaro, sai dai ban san wace rana ya yi ƙaryar ba.

Ta akokon tana nan. Na daɗe ina ɓoye ta ƙasan akwati, yanzu da ita nake goge man keke. Ɗinkin bai saki ba ko wuri ɗaya.

'Ya'yana maza uku, ba mai ko kunyar gona ɗaya ta gado. Bara muna cikin mota da babbansu za mu Bakura gaisuwar mutuwa, shi da gemunsa da 'ya'yansa, muka wuce ta gefen Dakko. Hanyoyin ruwan sun cika da yashi, rabin filin ƙaya. Ya ce in nuna masa inda gonar kakansa take. Na duba ta taga, na nuna wani wuri tsakiyar shinkafar wani mutum. Ya ce nan? Na ce nan, ko gaba kaɗan. Kafin ya sake tambaya mota ta wuce.